Kunyar Tambaya A Rumfar Askirim Da Boga: Abin Da Iyaye Mata Ke Gani A Kudenda

Washegarin ƙaramar Sallar shekarar 2024 ne, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke kan ganiyarsa. Na kwashi yarana uku muka tsallaka kogi zuwa Kudenda domin yi wa yayata barka da Sallah. Bayan an ci an sha an yi La'asar, sai yaran gidan da nawa suka haɗa baki, kowa ya fito da goron Sallarsa, wai sai an kai su shan askirim a bakin titi. Da yake ranar farin ciki ce ban hana ba, na yafa mayafina na bi su.

Wata 'yar kwantena muka samu, mutane sun yi mata cincirindo. Babu wutar NEPA, kuma janaretan da ke gefe a kashe yake. Da yaron shagon ya ɗaga murfin firiza, ban ga hucin sanyin nan da kan taso ba. Askirim ɗin da ke cikin roba ya kwanta gefe guda, samansa duk ɓurɓushin ƙanƙara, murfin kuma yana danƙo. Zuciyata ta ce in yi magana. Amma ga jama'a a bayana, ga yara sun riƙe mini zani, ga yaron yana cewa, "Hajiya, kala nawa za a sa?" Sai kunya ta kama ni, na miƙa kuɗi muka juyo.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare autata, mai shekara huɗu, ta tashe ni da amai, kafin wani lokaci gudawa ta biyo baya. Asuba a asibiti ta yi mana, ana yi mata ƙarin ruwa. Tambayar farko da ma'aikaciyar jinya ta yi mini ita ce, "Mama, me ta ci jiya?" Da gari ya waye yayata ta bugo waya, ashe yaranta biyu su ma haka suka kwana. Allah ya taƙaita, duk suka warke. Kuɗin magani ya ninka na askirim ɗin sau da yawa, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gani da idona, kuma na yi shiru.

Tun daga ranar na shiga lura da waɗannan rumfuna duk lokacin da na je Kudenda, ina kuma jan matan unguwar da hira a wajen biki da suna da makarantar Islamiyya. Abin da na tattaro ne na kawo miki, uwargida, domin na tabbata irin waɗannan rumfuna akwai su a unguwarku, ko a Kano kike ko Zariya ko Katsina.

KUDENDA DA RUMFUNANTA

Ga wadda ba ta san wurin ba, Kudenda unguwa ce a kudancin kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, maƙwabciyar Nasarawa da Tirkaniya, kuma ba ta da nisa da Kakuri da Makera. Babban titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ya fi sani da Baifas, shi ne ke haɗa yankin da arewacin gari. Yanki ne na masana'antu da rumbunan ajiyar kaya, saboda haka ma'aikata da direbobin manyan motoci da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suke zaune a cikinsa, Musulmi da Kirista.

Inda ma'aikata suka taru kuwa, abincin saye ba ya yankewa. A da mai shayi da mai tsire da mai ƙosai ne ke riƙe da bakin titi. Yanzu sun sami abokan zama: 'yar rumfa ko kwantena mai fitilu kala-kala, da firiza ɗaya, da farantin ƙarfe na suya, da allon da aka zana hoton askirim da shawarma da boga, wato burodin nan mai zagaye da ake tsagawa a sa niƙaƙƙen nama da ganye a tsakiya. Da Magariba ta wuce sai ki ga yara da 'yan mata da magidanta sun yi layi, wasu su ci a tsaye, wasu a ƙulle musu a leda su kai gida.

DAGA KEKEN FAN ZUWA KWANTENA

Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990, askirim ɗinmu a kan keke yake zuwa. Da mun ji ƙarar hon ɗin mai keke sai a ruga ɗaki a fasa asusu. Kamfanin Fan Milk, wanda wani ɗan kasuwar Denmak mai suna Erik Emborg ya kafa a Ibadan a farkon shekarun 1960, shi ne ya yaɗa wannan hanya ta sayarwa, kuma tun 2019 kamfanin ya koma hannun Danone na Faransa baki ɗaya. Shi kuwa boga abincin 'yan birni ne a lokacin. Kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's na farko a Legas a 1986, Chicken Republic ta biyo baya a 2004, sannan Cold Stone da Domino's suka shigo a 2012. Zuwa irin waɗannan wurare a wancan zamani sai ranar Sallah ko ranar da yaro ya ɗauko na ɗaya a makaranta.

Abin da ya canza shi ne, samari da matan aure masu neman na kansu sun koyi sana'ar, wasu a wajen aiki a manyan gidajen abinci, wasu a waya. Ga garin askirim ana sayarwa a kasuwa, sai dai a dama da ruwa ko madara a zuba a inji ko a daskarar. Ga firiza da injin 'yan gwanjo. Da ɗan jari kaɗan mutum ya kafa rumfa. Wannan abin farin ciki ne, domin sana'a ce ta halal da ke ciyar da gidaje, kuma ta kawo wa ɗan talaka abin da a da sai dai ya hanga ta gilashi. Sai dai kuma babban kamfani yana da ɗakin sanyi da masu sa ido, ita kuwa rumfar bakin titi mai sa idonta ɗaya ne tak, wato mai saye.

YABO DA ƘORAFIN MASU SAYE

Yawancin matan da na zanta da su ba su kushe rumfunan gaba ɗaya ba. Abu na farko da suke yabawa shi ne kusanci da araha. Uwa mai yara biyar ba za ta iya ɗaukar Keke Napep biyu zuwa tsakiyar gari ba, ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, sannan ta sayi askirim na manyan shaguna. A unguwa kuwa da ƙafa za a je, kuma akwai ƙaramin kofi daidai aljihun kowa. Abu na biyu shi ne sanayya. Mai rumfar da ya san ki yakan yi wa yaro gyara, yakan ɗaga miki ƙafa in tiransifa ta maƙale, ya ce ki kawo gobe. Wata maƙwabciyar yayata ta ba ni labarin yadda ɗanta ya yar da nasa a ƙasa yana fita, mai rumfar ya kira shi ya sake zuba masa kyauta don kada ya koma gida da kuka.

Ƙorafin kuma kusan iri ɗaya ne a bakin kowa. Na ɗaya, askirim mai yashi-yashi a baki, ko mai ɗan tsami, ko wanda kafin a isa gida ya zama ruwa. Na biyu, bogan da hotonsa a allo ya cika ya batse, amma in an buɗe sai a tarar da kabeji da bama ne suka yi yawa, naman kuwa kamar an shafa. Na uku, hannun da ya karɓi kuɗi shi ne ya ɗauki burodi. Na huɗu, wanda ya fi ɓata wa matan aure rai, shi ne a bar uwa tsaye da goyo ana ta hira da 'yan mata, sai an sallami waɗanda suka zo bayanta. Akwai kuma matsalar canji, inda za a ce babu, a cika miki da alewa ko cingam ɗin da ba ki nema ba.

Da na tambaye su ko sun taɓa yi wa mai rumfa magana, kusan duk amsar ɗaya ce: a'a, sai dai su daina zuwa, ko su haƙura su ci gaba da saye. Wata ta ce kada a ce ta cika fitina. Wata ta ce ba ta son ɗaga murya a gaban maza. Wata kuma ta ce abin ɗari nawa ne da za ta tsaya bincike a kai. Irin kunyar da ta kama ni ce, kuma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

WUTA CE UWAR ASKIRIM

Askirim madara ne da sukari, wani lokaci da ƙwai, kuma babu abincin da ƙwayoyin cuta ke so kamar waɗannan. Abin da ke tsare shi kawai sanyi ne. Ƙa'idar ajiyarsa ita ce digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi saurin hayayyafa a abinci, zafin Kaduna kuwa a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 35. Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne, daskarewa ba ta kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kawai take yi. In askirim ya narke ya yi awoyi, ƙwayoyin sun riga sun yawaita, ko da an dawo da wuta ya sake daskarewa suna nan a ciki.

Abin mamaki, a Kudenda ɗin nan ne gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar gina tashar wutar lantarki mai ƙarfin megawat 215 a shekarar 2009, aka kuma shafe fiye da shekara goma ana jiran ta fara aiki. Masu rumfa dai janareta suka dogara da shi. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ƙara hawa. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A watan Oktoba na shekarar kuma yawancin jihohin Arewa, har da Kaduna, suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. To mai rumfar da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, in bai ji tsoron Allah ba, abu mafi sauƙi a wurinsa shi ne ya kashe inji da dare, da safe ya kunna, abin da ya narke ya sake kamawa ya sayar.

Kada uwargida ta ɗauka wannan matsalar talakawa ce kawai. A Amurka, a 1994, an ƙiyasta mutum 224,000 ne suka kamu da ƙwayar Salmonela daga askirim ɗin kamfanin Schwan's, saboda an ɗauko haɗin askirim ɗin a tankokin da suka yi dakon ɗanyen ƙwai. A 2015 kuma mutum uku suka rasu a ɓarkewar ƙwayar Listeriya da aka danganta da askirim ɗin Blue Bell. Ita wannan Listeriya tana iya yaɗuwa ko a cikin sanyin firji, kuma ta fi yi wa mai juna biyu illa, domin takan jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Saboda haka mai ciki ta fi kowa bukatar taka-tsantsan, musamman da irin askirim mai laushin nan da ake matsowa daga inji, domin in ba a kwance injin ana wanke shi a kai a kai ba, cikinsa ne ƙwayoyin ke zama.

Alamomin da za ki duba ba su da wuya. Askirim mai lafiya yana da tauri, samansa sumul, kuma yana cika robarsa daidai. Wanda ya narke ya sake daskarewa yakan kwanta gefe guda ko ya ja baya daga jikin roba, ki ga ƙanƙara a sama ko a cikin murfi, robar tana danƙo, a baki kuma ki ji kamar yashi. In na leda ne irin na kamfani, ki matsa shi ki ji, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. In kuwa a wurin ake damawa, tambayar ita ce: da wane ruwa? Kada mu manta, a 2021 hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, kuma gurɓataccen ruwa ne babbar hanyarta. Ki kuma dubi ruwan da ake tsoma cokalin ɗiba a ciki. In ya yi fari ya yi kauri tun na safe ne.

BOGA BA TSIRE BA NE

Mun saba da tsire da balangu, shi ya sa muke ganin duk naman da ya taɓa wuta ya tsira. Akwai bambanci. A yankan nama, ƙwayoyin cuta a bayansa suke zama, da wuta ta lashe shi sun mutu. Amma in aka niƙa nama, abin da ke waje ya koma ciki, ya gauraye ko'ina. Don haka dole naman boga ya dahu har tsakiyarsa, zafin cikinsa ya kai digiri 70 ko ya ɗan haura. Mai suya da layi ya yi masa yawa yakan ƙara wuta, bayan naman ya yi baƙi, cikinsa kuwa da saura. Irin wannan ne ya faru a Amurka a 1993, inda fiye da mutum 700 suka kamu da ƙwayar E. coli daga bogan gidajen abinci na Jack in the Box da bai gama dahuwa ba, yara huɗu suka rasu.

Saboda haka kafin ki miƙa wa yaro, ki tsaga naman biyu. In kin ga ja ko ruwan hoda a tsakiya, ko ruwan da ke fita bai washe ba, ki mayar a ƙara gasawa. Wannan haƙƙinki ne, kuɗinki kika biya. Ki fi son wanda aka gasa a gabanki a kan wanda aka jera tun rana ana jira a ɗumama, domin ƙa'idar lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba.

Sauran kayan haɗin ma abin dubawa ne. Bama da ƙwai ake yin ta, in an buɗe kwalba wurinta firji, ba gefen farantin suya ba, ballantana wadda aka haɗa a gida da ɗanyen ƙwai. Kabeji da latas da kokwamba ba sa hawa wuta, don haka wankinsu shi ne dahuwarsu. Ki lura ko katako da wuƙar da aka yanka ɗanyen nama da su ne ake yanka ganye. Burodi kuma ya zama na gidan burodin da aka sani. Da yawanmu na tuna yaƙin da NAFDAC ta yi da sinadarin bromate a burodi zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008. Burodin da ya kumbura fiye da kima, ba nauyi, ba suna a leda, a yi hattara da shi.

WA YA YANKA?

Ga Musulma akwai tambayar da ke gaban duk waɗannan. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara aya ta 168, ya haɗa mana sharaɗi biyu a kan abin da za mu ci, ya zama halal kuma ya zama mai kyau. Niƙaƙƙen nama ba a gane shi da ido. A unguwar da ta tara jama'a iri-iri, kowa da abin da addininsa ya halatta masa, ba laifi ba ne ki tambayi naman mene ne, a ina aka saye shi, kuma ko ana gasa wani abu dabam a kan farantin. Haka sosej da ake sawa a shawarma da boga, ki nemi ganin ledarsa ki karanta. A ɓangaren askirim, akwai nau'in da ake kira rum and raisin, wanda asalinsa da giyar rum ake haɗa shi, akwai kuma jelatin da ake sawa a wasu kayan zaƙi, wanda ana samun sa daga shanu ana kuma samun sa daga alade. Inda kika yi shakka ki bari, hukuncin dalla-dalla kuma a koma wa malamai.

A nan sai an yi hankali da harshe. Mu mazauna Kaduna mun san abin da rikicin 2000 da na 2002 suka jawo, yadda kogi ya zama kamar iyaka tsakanin maƙwabtan jiya. Wurare irin su Kudenda da Kakuri, inda har yanzu ake cuɗanya a kasuwa da wajen aiki, amana ce a hannunmu. Tambaya da sakin fuska da gaisuwa daban take da tambaya da yatsina. Kuma rashin tsafta ba shi da addini: rumfar da ta kwantar mini da 'ya, da sallama aka tarbe ni a cikinta.

RUMFAR DA NA KOMA

Bayan wata biyu da abin da ya faru, na sake zuwa Kudenda, yara suka sake tayar da rigima. Wannan karon yayata ta kai ni wata rumfa ta wata mata Kirista, 'yar kudancin jihar nan, mai Hausa kamar jakar Kano. Na daure na gaishe ta, na ce, "Maman yara, don Allah kada ki ji haushi, ina so in ga cikin firizar kafin in saya."

Dariya ta yi ta ɗaga murfin, hucin sanyi ya bugo ni. Ta ce, "Hajiya, ai gara ki duba. Ni ma uwa ce." Ba tare da na ƙara tambaya ba ta nuna mini cewa kaɗan take damawa, daidai abin da zai ƙare a ranar, kuma da ruwan leda take haɗawa. Nama kuwa ta ce a wajen mahautan Hausawa na Kasuwar Monday ta Kakuri take saye kowace safiya, a niƙa a gabanta, domin rabin masu sayenta Musulmi ne kuma ba ta son ta ci amanarsu. Ƙanwarta ce ke karɓar kuɗi, ita kuma tana kan abinci. Askirim ɗinta ya fi na wancan tsada kaɗan, kofin kuma bai kai nasa girma ba. Na biya da daɗin rai, domin araha ba ta ado.

Darasin da na ɗauka shi ne, mai gaskiya ba ya jin zafin tambaya, har ma daɗi yake ji an lura da wahalar da yake sha. Wanda ya haɗe rai ko ya ce in ba ki saye ki ba mutane wuri, ya riga ya ba ki amsa. Kuma in iyaye mata goma suka yi tambaya iri ɗaya a mako guda, mai rumfa zai gane cewa kunna inji ya fi masa riba a kan kashe shi. In abin ya wuce gyara, akwai ma'aikatan duba-gari a ƙaramar hukuma, akwai kuma ofishin NAFDAC a Kaduna, maigida ko mai unguwa na iya kai musu magana.

SAURAN AIKI A GIDA

Ba a rumfa kaɗai gyaran yake ba. Sau da yawa maigida ne ke sayowa a hanyarsa ta dawowa, ya ajiye a mota, ya tsaya sallar Isha'i, ya tsaya majalisa, sai ƙarfe goma ledar ta iso gida. Cikin hikima ki nuna masa cewa tsarabar ta zama abu na ƙarshe da zai saya kafin ya shigo. Abin da ya narke a hanya har ya zama ruwa kada a mayar da shi firiza don gobe, bogan da ya kwana ba wuta kuma kada ya zama karin kumallon 'yan makaranta.

Sai batun yawa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, in da hali ma a rage zuwa kashi 5, wato kimanin ƙaramin cokali shida ga babba. Kofin askirim ɗaya da kwalbar lemo sun isa su wuce wannan. A bar shi ya zama abin marmari na mako-mako ko na ranar murna, a kuma sa yara su goge haƙora kafin barci. Yaron da bai kai shekara biyu ba bai bukatar kayan zaƙi irin waɗannan sam. Fura da nono mai tsafta, da kunun aya da zoɓon da kika haɗa da hannunki kika san adadin sukarinsa, su ma suna faranta ran yaro in an sanyaya su.

Haka nan a kula da aiken yara su kaɗai da dare, musamman 'yan mata masu tasowa. Rumfar askirim ta zama dandalin samari a unguwanni da dama, kuma wanda ya saba saya wa yarinya abin daɗi a ɓoye ba don Allah yake yi ba. Ki raka su, ko babansu ko yayansu ya raka su. Yarinyar da ake kaiwa daga gida ba ta rawar jiki a kan na wani.

IN TA RIGA TA FARU

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 ke rasuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da ya fi kashe yaro a amai da gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Don haka kada gidanki ya rabu da ledar ORS, wato haɗin gishiri da sukari na kemis, a dama kamar yadda aka rubuta a jiki. In babu, ki sami lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, daidai da ledar fiya wata biyu, ki sa ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. Ma'aikatan lafiya sukan haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. In kin ga jini a bayan gida, ko aman ya ƙi tsayawa, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya daina fitsari ko ya kasa shan ruwa, kada ki jira gari ya waye, kuma kada ki tsaya sayen maganin tsayar da gudawa. Asibiti za a nufa.

'Yan'uwana mata, kunya ado ce ga mace kuma addini ya yabe ta, amma ba ta hana neman sanin abin da zai shiga cikin 'ya'yanmu ba. Minti biyu sun isa: ki yi sallama, ki leƙa firiza, ki tambayi ruwa da nama, ki tsaga boga ki duba. Autata har yanzu tana son askirim, ni ma ban hana ta ba, sai dai yanzu da mun isa rumfa ita ke riga ni cewa, "Umma, a buɗe mu gani." Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya ciyar da mu halal, ya kuma sa wa masu neman na kansu albarka a sana'arsu. Amin.